Feedly: Manhajar da ke Tara wa Mutumin Zango Labaransa Wuri Guda

Bahaushen da ke zaune a Kumasi yana da wata irin buƙata ta labarai wadda ɗan'uwansa na Kano ko na Maraɗi ba shi da ita. Harajin da zai biya, da kuɗin wuta, da farashin man fetur, da kuɗin kujerar Hajji, duk a Accra ake yanke su, kuma yawanci da Turanci ake sanar da su. Amma albasar da yake jira daga Nijar take tasowa, shanun da ake kai wa mahauta da tumatirin da ake saukewa a kasuwa ta iyakar Paga suke shigowa daga Burkina Faso, goron da ya ɗaure kuwa Legas da Kano ya nufa, ga kuma dangi a Sakkwato da Dosso da Zariya waɗanda duk abin da ya same su shi ya sama. Babu wata jarida ko tashar rediyo guda ɗaya da ke ɗauke da wannan kaya duka. Jaridun Ghana ba su cika damuwa da abin da ke faruwa a Tawa ba, kafofin Hausa na Najeriya kuma sai an yi zaɓe ko wani babban abu suke waiwayar Ghana, saboda haka mutumin unguwannin Kumasi irin su Aboabo ko Asawase ko Alabar dole ne ya riƙa tsintar labarinsa gida-gida.

Wanda yake ganin wannan ƙaramar magana ce, ya tuna abin da ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na ranar 26 ga Yulin 2023. ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyakar Nijar da Benin, manyan motocin albasa suka maƙale a hanya, kafin a ce me farashin buhu ya tashi a kasuwannin Kumasi da Accra. Haka 'yan kasuwarmu suka ji jiki lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 har zuwa Disambar 2020. A irin waɗannan ranaku, bambancin da ke tsakanin wanda ya sami sahihin labari da hantsi da wanda ya ji shi a bakin wani bayan la'asar, bambanci ne na riba da asara, wani lokaci ma na jari gaba ɗaya.

Wannan ne ya sa nake son yin bayani a kan wata manhaja mai suna Feedly, wadda na daɗe ina amfani da ita. Ba sabuwa ba ce, kuma ba ta yi suna a zangunanmu ba. Ra'ayina shi ne duk wanda yake iya karatu kuma yake riƙe da wayar zamani ya kamata ya gwada ta, domin ban ga wani abu da ya fi ta dacewa da mutumin da labaransa ke warwatse a ƙasashe huɗu da harsuna biyu ba. Sai dai tana da giɓi masu girma a wurinmu, kuma zan faɗe su yadda suke.

Yadda mafi yawanmu ke samun labari a yau sananne ne. Mutum ya dawo daga sallar asuba ya buɗe WhatsApp, ya tarar saƙonni sun taru a zauren dangi da na 'yan kasuwa da na tsofaffin ɗalibai: ga saƙon murya na wani da ba a san ko wane ne ba, ga bidiyon da ba a faɗi garin ko shekarar da aka ɗauke shi ba, ga takardar da aka ce daga ofishin gwamnati ta fito alhali ko sa hannu babu. Daga nan ya wuce Facebook ko TikTok, inda ba shi ne yake zaɓar abin da zai gani ba, na'ura ce take zaɓar masa gwargwadon abin da ta lura yana tsayar da ido a kai. Mutane da yawa suna zaton da zarar sun bi BBC Hausa ko Aminiya a Facebook, to duk abin da aka wallafa zai iso gare su, kuma ba haka abin yake ba. A watan Janairun 2018 Mark Zuckerberg da kansa ya sanar cewa za a rage abubuwan kafofin labarai da na kamfanoni da ake nuna wa mutane, a fifita na 'yan'uwa da abokai. Abin da ke faruwa a irin wannan tsari shi ne, labarin da ya tayar da ƙura shi ke yawo, wanda kuwa ya shafi aljihun mutum amma bai jawo cacar baki ba sai ya nutse ba a gan shi ba.

Feedly wata hanya ta bi dabam, kuma tsohuwa ce. Akwai wani tsari da ake kira RSS, wanda aka fara a kamfanin Netscape a shekarar 1999. Gidan jarida yana ajiye wani jeri na musamman, duk lokacin da ya fitar da sabon labari sai a ƙara kan labarin a ciki, tare da lokacin da ya fita da kuma 'yar taƙaitawa, wani lokaci ma da cikakken rubutun. Ba don idon mutum aka yi wannan jeri ba, don manhaja aka yi shi. Aikin Feedly shi ne ta riƙa zagayawa tana duba jerin kowace kafa da ka ce kana so, ta kwaso sababbin abubuwan ta jera maka su wuri guda. Kamar mai sayar da jarida ne da ya san waɗanda kake karantawa, kullum safiya ya ajiye maka su a bakin shago, bai ɓoye maka wadda ka nema ba, bai kuma musanya maka ita da wadda shi yake so ka karanta ba. A kan wannan tsari ne shirye-shiryen fodkas suke tafiya har gobe, don haka da yawa daga cikinmu suna cin moriyarsa ba tare da sun san sunansa ba.

An fito da Feedly a 2008, amma ba ta bunƙasa ba sai a 2013. A watan Maris na wannan shekara Google ya sanar cewa zai rufe tasa manhajar mai irin wannan aiki, wato Google Reader, ya kuma rufe ta ranar 1 ga Yuli. Feedly ta ce cikin kwana biyu da sanarwar ta sami sababbin masu amfani fiye da 500,000. Tun daga nan ta zama ɗaya daga cikin manyan masu wannan sana'a.

Fara amfani da ita ba shi da wuya. Ana sauke ta kyauta a wayar Android ko iPhone, ana kuma iya buɗe ta a kwamfuta, mutum ya shiga da adireshinsa na Gmail. Daga nan sai ya je wurin bincike ya rubuta sunan kafar da yake so, idan ta fito ya danna maɓallin da aka rubuta Follow a kansa. Idan sunan bai fito ba, wanda hakan yakan faru da kafofin Hausa, sai ya liƙa adireshin kafar na intanet kai tsaye, manhajar ta nemo jerin da kanta. Jaridu da yawa na Ghana da Najeriya a kan WordPress, wata manhajar gina gida a intanet, aka gina su, kuma irin waɗannan in aka ƙara /feed a ƙarshen adireshinsu jerin yakan fito. Wannan aiki sau ɗaya ake yin sa, bai kuma fi zaman shan shayi guda ba.

Tsarin kyauta yana ba mutum damar bin kafofi har 100, ya kasa su aljihu uku. Masu bitar manhajoji a ƙasashen Turawa sukan yi kuka da wannan iyaka ta aljihu uku, ni kuwa ina ganin ta yi mana daidai. Aljihun farko na Ghana ne: Daily Graphic, wadda ake bugawa tun 1950, da Kamfanin Dillancin Labarai na Ghana, da Citi Newsroom, da MyJoyOnline. A nan ne mutum zai ga batun haraji da kuɗin wuta da darajar sidi da sanarwar hukumar alhazai. Wanda ya bi labarin harajin tura kuɗi ta waya tun daga fara shi a watan Mayun 2022 a kan kashi 1.5 cikin ɗari, zuwa rage shi zuwa kashi 1 a farkon 2023, har zuwa soke shi a Afrilun 2025, ya san yadda kowane mataki ya zo da shaci-faɗi iri-iri a majalisun ataya, alhali ga bayanin a rubuce ga mai nema. Aljihu na biyu na Hausa ne: BBC Hausa, da DW, da RFI, da Aminiya, da Premium Times Hausa. A nan labarin Nijar da Najeriya da Burkina Faso yake, kuma tun da ƙasashen Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS a Janairun 2025, wannan aljihu ya zama wajibi ga duk mai kaya a kan hanyar arewa. Na uku kowa ya cika shi da abin da ya dame shi. Feedly tana iya bin tashoshin YouTube, don haka mai son karatun wani malami zai iya saka tasharsa, ya riƙa ganin sabon karatu da zarar an ɗora, ba tare da ya ratsa ta cikin waƙoƙi da wasanni kafin ya kai gare shi ba. Mai bin Asante Kotoko ya saka labarin ƙwallo, ɗalibi ya saka sanarwar guraben karatu.

Wata shawara a nan ita ce kada mutum ya cika aljihun Ghana da kafofin da ke faɗin abin da yake son ji kawai. Kowa ya san akwai jaridun da suka karkata ga jam'iyyar NPP, akwai waɗanda suka karkata ga jam'iyyar NDC, akwai kuma na gwamnati. Manhajar ba za ta gyara wa kowa wannan ba, abin da ka zuba mata shi za ta kawo maka. Amma tana sauƙaƙa wa mai son adalci, domin labari guda zai gan shi daga bakuna uku a jere, ya kwatanta wanda ya ƙara gishiri da wanda ya rage.

Babban abin da ya sa na riƙe ta shi ne, kowane kan labari yana zuwa da sunan wanda ya faɗe shi da lokacin da ya faɗa. Ina da kawu, tsohon ɗan kasuwar goro, wanda ba ya karatun boko, amma ya fi yawancin masu digiri iya tace labari. Duk abin da aka kawo masa tambayarsa ɗaya ce: "Yaro, wa ya faɗa?" Idan aka ce a waya aka gani, sai ya kawar da kai ya ci gaba da jan carbinsa. Idan kuwa na ce masa, "Kawu, RFI ce ta faɗa da safiyar nan, DW ma ta kawo shi," sai ya gyara zama ya ce in karanta masa. Wannan tambaya tasa ita ce saƙon da aka tura daga hannu zuwa hannu ba ya iya amsawa, kuma ita ce malamanmu suke nufi duk lokacin da suka tunatar da mu umarnin da ke cikin Suratul Hujurat na a bincika labari kafin a yi aiki da shi. Batun lokaci ma ba ƙarami ba ne. Kasuwannin Kumasi sun sha gobara, kamar ta Kejetia a Maris na 2023 da ta Adum a Maris na 2025, kuma duk mai shago ya san yadda gaba ke faɗuwa idan aka turo bidiyon wuta tana ci. Sau da yawa tsohon bidiyo ne ya sake zagayowa. Wanda ya buɗe aljihunsa na Ghana ya ga babu kafa ko ɗaya da ta ambaci gobara a yau, ya sami dalilin da zai nutsu ya kira waya ya tabbatar kafin ya tayar da hankalin iyalinsa. Ba cewa nake yi duk abin da jarida ta rubuta gaskiya ba ne. Jarida tana kuskure, tana kuma son kai. Amma mai suna da adireshi ana iya kama shi da maganarsa gobe, kuma akwai masu aikin tantance labarai irin su GhanaFact da Dubawa waɗanda ya dace a neme su a haɗa cikin jerin.

Abu na biyu da nake yabawa shi ne, a Feedly labarai suna ƙarewa. Idan ka karanta abin da ya taru, jerin ya zama fanko, sai ka ajiye waya ka kama aikinka. Sauran manhajojin da muka saba da su an gina su ne yadda ba za a taɓa kai ƙarshensu ba, kuma duk wanda ya lura da yaran shago ya ga yadda hantsi ke wucewa ido na kan waya mai saye na tsaye. Sai dai akwai gyara guda da ya kamata a yi tun ranar farko. Fuskar da manhajar ke fara nunawa tana fifita labaran da suka fi samun karɓuwa, wato ɗan abin da muka gudo daga gare shi. Mutum ya shiga saituna ya zaɓi a nuna masa komai bi da bi, daga sabo zuwa tsoho.

A nan ne kuma batun data ya shigo, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga wanda yake sayen ta kaɗan-kaɗan a MTN ko Telecel ko AT. Manhajar tana da salon nuni iri-iri, akwai mai manyan hotuna, akwai kuma wanda kanun labarai kawai yake jerawa. Wannan na ƙarshe shi nake ba kowa shawara ya zaɓa. Rubutu tsagwaronsa ba ya cin data, mutum zai iya duba kanun labarai masu yawa da abin da bai kai na gajeren bidiyo guda ba, sannan ya buɗe biyu ko uku da suka shafe shi.

Akwai wata fa'ida da ba don ita aka yi manhajar ba, amma ni a wurina tana da nauyi. A Ghana muna jin Hausa, muna ciniki da ita, muna wa'azi da ita, amma kaɗan ne daga cikinmu suka saba karanta ta da boko, domin ba ta cikin harsunan gida da gwamnati ta ɗauki nauyin koyar da su a makarantu, irin su Twi da Ewe da Dagbani. Yaron Sawaba zai iya karanta jaridar Turanci tiryan-tiryan, ya iya karanta Alƙur'ani, amma a ba shi sakin layi guda na Hausa sai ya riƙa tuntuɓe, musamman a kan haruffa masu lanƙwasa. Wanda ya mayar da duba kanun labaran Hausa al'adarsa ta kowace safiya, ba a jima ba idonsa zai saba, ya kuma tsinci kalmomin da suka faɗi daga bakinmu a nan muka maye gurbinsu da Turanci ko Twi. Haruffan ɓ da ɗ da ƙ suna fitowa lafiya a manhajar. Ina matuƙar son in ga iyaye sun saka wa 'ya'yansu matasa wannan aljihu na Hausa, ko da ba su saka sauran ba.

Dattawanmu sun san wannan tsari na zaɓar kafa da bin ta tun kafin a san intanet. BBC ta fara shirin Hausa a 1957, shekarar da Ghana ta sami 'yancin kai, DW ta biyo a 1963, Muryar Amurka a 1979, RFI a 2007, ga kuma labaran Hausa na gidan rediyon GBC. Dattijo ya san ƙarfe nawa kowace take buɗewa, yana juya akwatinsa daga wannan zuwa waccan, ya ji kowace da bakinta sannan ya yanke hukunci. A Maris na 2025 aka dakatar da shirye-shiryen Muryar Amurka, har da Sashen Hausa, bayan umarnin Shugaba Donald Trump, kuma wanda ya dogara da ita kaɗai ya ji a jikinsa. Mai bin kafofi da yawa a wuri guda yakan lura da wuri idan ɗaya ta yi shiru, domin zai ga layinta ya daina kawo sabon abu, kuma sauran suna nan suna aiki.

Yanzu ga inda manhajar ta gaza mana. Na farko, da Turanci take magana. Labaran da take kawowa suna iya zama na Hausa ko Larabci ko Faransanci, amma maɓallanta da saitunanta ba su san Hausa ba, don haka hajiyar da ke sayar da atamfa a Kejetia wadda ba ta yi nisa a boko ba sai ta sami ɗa ko ƙane ya shirya mata. Wanda kuwa ba ya karatu sam, wannan ba kayansa ba ne, rediyo ta fi masa, kuma ban ga laifin faɗin haka ba.

Na biyu, kafofi da yawa kan labari da layi biyu kawai suke sakawa a jerinsu, BBC ma haka take yi. Idan kana son cikakken labarin sai ka danna a kai ka gidan jaridar, can kuma ka tarar da hotuna da tallace-tallace masu cin data. Wannan zaɓin masu jaridun ne, ba na Feedly ba, amma mai karatu shi ke biya. Ita ma manhajar a tsarinta na kyauta takan saƙa talla jefi-jefi a tsakanin labarai, ko da yake ba mai yawa ba ce, kuma ana gane ta.

Na uku, tana buƙatar intanet kafin ta yi aiki yadda ya kamata, ba a gina ta don karatu ba tare da layi ba. Mun ga abin da ya faru ranar 14 ga Maris na 2024, lokacin da manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace, Ghana da maƙwabtanta suka kwana da kwanaki cikin wahalar sadarwa. A irin wannan hali, da kuma ranakun da aka ɗauke wuta waya ta mutu, ƙaramin akwatin rediyo mai batir shi ne abin dogaro. Haka kuma ba ta da saurin da ake buƙata ga labarin gaggawa, domin a tsarin kyauta takan ɗan jinkirta kafin ta zagayo kan wasu kafofin, musamman waɗanda mabiyansu ba su da yawa. Daren da ake jiran sanarwar ganin wata daga ofishin Babban Limamin Ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, ba Feedly mutum zai zuba wa ido ba.

Akwai kuma matsalar da mai amfani yake jawo wa kansa. Kafofin Ghana suna fitar da labarai da yawa a rana, wanda ya yi zari ya bi ashirin a lokaci guda zai buɗe waya ya tarar da ɗaruruwan labarai suna jiransa, ya karaya ya daina buɗewa. Gara a fara da biyar ko shida, a ƙara a hankali, duk wadda aka ga ba ta kawo komai sai hayaniya a cire ta. Akwai maɓallin da ke share duk abin da ya taru a lokaci guda, kuma babu abin kunya a yin amfani da shi bayan tafiya ko rashin lafiya.

Game da tsarin biya, ba na ba kowa shawarar ya shiga sai mai sana'ar labarai ko mai bincike. Yana ƙara yawan kafofin da za a iya bi, yana cire talla, yana ba da damar bincike a cikin tsofaffin labarai, mafi tsadarsa kuma yana da na'urar da ke tace labarai da kanta. Da dalar Amurka ake yanka kuɗin, wanda ke nufin nauyinsa yana hawa da sauka tare da sidi. Mai shago ko malamin makaranta ba zai cika kafa 100 ba balle ya nemi ƙari. Wani abin lura shi ne, a 'yan shekarun nan kamfanin ya fi mayar da hankali ga sayar da hidimarsa ga manyan kamfanoni masu bibiyar barazanar kutse da labarin kasuwanni, don haka babu wanda zai yi wa mai amfani da tsarin kyauta alkawarin cewa yadda yake a yau haka zai dawwama. Abin da ke kwantar da hankali shi ne jerin kafofinka ba fursuna ba ne. Ana iya fitar da shi a ƙaramin fayil da ake kira OPML, a ɗora shi a wata manhajar cikin 'yan mintoci, kuma ta haka ne jama'a suka kwashe kayansu daga Google Reader. Akwai Inoreader, ta wani kamfani a Bulgeriya, wadda tsarinta na kyauta yake kai kafa 150. Akwai kuma Feeder a Android, wadda ba ta neman rajista, tana ajiye labarai a cikin wayar a karanta ko babu layi, kuma ta fi dacewa da direba ko ɗan kasuwar da ke yawan bin hanyar Tamale da Bolgatanga. Feedly ta fi su sauƙin farawa da sauƙin nemo kafofi, shi ya sa na sa ta gaba. Wannan fayil ɗin yana da wani amfani: wanda ya riga ya tsara jerinsa zai iya tura wa ɗan'uwansa shi, ya hutar da shi wahalar nema.

Giɓin da ya fi damuna ba laifin manhajar ba ne, namu ne. Za ta kawo maka abin da aka faɗa a majalisar dokoki a Accra da abin da ya faru a Yamai, amma ba za ta gaya maka an yi rasuwa a Akwatia Line za a kai gawa maƙabartar Tafo bayan azahar ba, ko cewa fadar Sarkin Zango ta kira taro, ko hukumar gundumar Asokore Mampong za ta rufe wata hanya, ko makarantar Islamiyyar unguwa ta buɗe rajista. Waɗannan labarai a iska suke, a tashoshi irin su Zuria FM a nan Kumasi da Marhaba FM a Accra, da lasifikar masallaci, da zaurukan WhatsApp, da Facebook wanda ba ya bayar da jerin RSS balle a bi shi daga waje. Ana faɗarsu su wuce, wanda bai ji ba ya rasa, bayan wata guda kuma babu inda za a koma a duba. Ina roƙon masu tashoshinmu da ƙungiyoyin matasa da kwamitocin masallatai su dubi wannan. Duk ƙungiyar da ke da gida a intanet da aka gina a kan WordPress tana da wannan jeri tun ranar da aka buɗe shi, ko ta sani ko ba ta sani ba, ba sai ta biya kowa ko pesewa ba. Abin da ya rage shi ne a sami mutum guda mai haƙuri da zai riƙa rubuta sanarwar a can tukuna, da kwanan wata da sunan wanda ya bayar da ita, da Hausa da Turanci, kafin a kwafe ta a watsa a WhatsApp.